Yadda za a sauƙaƙa wa sabon shiga gano Mastodon da ire-irenta a Kaduna

Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, har zuwa Janairun 2022, mutane sun yi ta neman mafita, wasu suka koma amfani da VPN, wasu suka bi gwamnati zuwa Koo, manhajar Indiya wadda ita ma aka rufe a 2024. A lokacin Mastodon, kafar sada zumunta mai kama da Twitter, ta kusa shekara biyar da fitowa, domin tun 2016 Eugen Rochko ya ƙirƙiro ta a Jamus, amma da wuya ka ji an ambace ta a majalisun Tudun Wada ko Kawo. Ba rashin inganci ya ɓoye ta ba. Kafar da ba kamfani ɗaya ke riƙe da ita ba, ba ta da kuɗin talla, saboda haka masu amfani da ita ne za su yi mata jagora.

Ka fara da gyara bayaninka. Duk wanda ka tara da maganar ActivityPub, ƙa'idar da aka amince da ita a 2018 wadda ke haɗa waɗannan kafafe, ka riga ka kore shi. Misalin layin waya ya fi shiga kunne: mai MTN yana kiran mai Airtel ba tare da ya sauya layi ba, haka nan wanda ya buɗe asusu a wata sabar Mastodon, wato kwamfutar da ke riƙe da asusun masu amfani, yana bin wanda ke wata sabar, har ma da mai ɗora hotuna a Pixelfed ko bidiyo a PeerTube. Shi ya sa adireshin mutum yake da sassa biyu, sunansa da sunan sabarsa, kamar na imel. Idan ya gane wannan ya isa, sauran bayani sai ya tambaya.

Sannan ka rage masa zaɓi. Wanda ya rubuta Mastodon a Play Store zai tarar da manhajoji da yawa, irin su Tusky, kuma bai san cewa dukkansu ƙofofi ne na gida ɗaya ba. Ka zaɓa masa guda, ka tura masa adireshinta kai tsaye ta WhatsApp. A ganina manhajar da masu Mastodon suka fitar da kansu ita ce ta dace da farko, domin tun 2023 take gabatar wa sabon shiga sabar mastodon.social ba tare da ta tsayar da shi a gaban dogon jeri ba. Akwai masu sukar wannan, suna cewa tara jama'a wuri ɗaya ya saɓa wa manufar raba iko, kuma suna da hujja. Sai dai wanda aka ce ya zaɓi sabar tun bai san mene ne sabar ba, yawanci rufe manhajar yake yi. Daga baya yana iya ƙaura da mabiyansa, ko da yake ya kamata a gaya masa gaskiya cewa tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa binsa.

A Kaduna, mutane da yawa ba Play Store ke gabatar musu da manhaja ba. Mai gyaran waya ne a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko mai caji a bakin layi, ko abokin da ya tura musu ta Xender don a tattala data. Saboda haka idan ka zauna da mai gyaran waya ɗaya ka buɗe masa asusu har ya ji daɗinsa, ka yi aikin da dogon rubutu a intanet ba zai yi ba. A manyan makarantu kuwa, kamar Kaduna Polytechnic da Jami'ar Jihar Kaduna, 'yar takarda mai lambar QR da jimla biyu na Hausa a allon sanarwa ta wadatar. Abu ɗaya za a kiyaye: manhajar da ake turawa daga waya zuwa waya tana tsufa, kuma tana iya zama gurɓatacciya, don haka a sabunta ta daga asalin inda aka fitar da ita.

Babban aikin yana farawa ne bayan an sauke manhajar. Mastodon ba ta cusa wa mutum abin da na'ura ta zaɓa masa, rubutun waɗanda yake bi kawai take jerawa bisa lokacin da aka wallafa su, wanda ke nufin ranar farko shafinsa fayau yake. Mutumin da ya saba da cunkoson Facebook zai ɗauka ba kowa a gidan. Kada ka rabu da shi sai ya bi aƙalla mutum ashirin, kuma ka tanadi sunayensu tun kafin ku haɗu, masu rubutu da Hausa a gaba. Ka nuna masa cewa ana bin alamar # kamar yadda ake bin mutum, ya bi #Hausa da #Kaduna, ya kuma yi gajeren rubutu na gabatar da kansa, kai da abokanka ku amsa masa a ranar. Bluesky, wata kafar mai kama da Twitter wadda ke kan wata ƙa'ida daban kuma ta buɗe wa kowa ƙofa a Fabrairun 2024, ta sauƙaƙa wannan da ƙunshin asusai da sabon shiga zai bi a taɓawa ɗaya, kuma kowa na iya haɗa nasa ƙunshin na marubuta Hausa.

Su ma tsofaffin masu asusu da nasu gyaran. A Mastodon binciken kalmomi ba ya kamo rubutunka sai ka kunna izinin hakan da kanka, tsarin da ya zo a 2023, kuma da yawa ba su kunna ba. Ka kunna, ka cika bayanin kanka da kalmomin da mai nema zai rubuta, wato gari da sana'a da harshe, ka kuma saka cikakken adireshinka a shafinka na Facebook da status ɗinka na WhatsApp, tunda can jama'ar suke. Wanda ke da hannu a Turanci da Hausa kuma yana iya shiga aikin fassara manhajar, domin 'yan sa-kai ne ke yin sa ta dandalin Crowdin.

Ƙungiya ko gidan jarida da ke tunanin buɗe sabar tasu su lissafa kuɗin haya na wata-wata, su kuma ware wanda zai riƙa duba ƙorafi da share zagi cikin Hausa, kafin su gayyaci kowa.