Kwana a gari ɗaya, yawon wuni a wani garin da jirgin ƙasa

1. Fara da lissafin lokaci. Idan zuwa kaɗai ya wuce awa biyu, rabin wuninka a kan kujera zai ƙare. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta fi.

2. Kama masauki kusa da tasha, tafiyar minti goma a ƙafa, don sammako kada ya zama wahala.

3. Duba jirgin dawowa tun kafin na tafiya. Rubuta lokacin jirgin ƙarshe, amma ka yi niyyar hawa wanda ke gabansa. In ka makara ko aka soke shi, kana da madogara. Jadawalin Lahadi da ranakun hutu yakan bambanta da na ranakun aiki.

4. Karanta sunan tasha da kyau, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Gari ɗaya yakan samu tasha biyu ko uku. A Italiya, mai zuwa Venis, birnin da aka gina a kan ruwa, ya sauka a tashar Santa Lucia, ita ce a bakin ruwa. Wanda ya yi gaggawar sauka a Mestre, tashar da ake iskewa kafin ita, bai ƙarasa ba tukuna.

5. Tikitin jirgi mai sauri sau da yawa yana ɗauke da lokaci da lambar kujera. Saye da wuri ya fi araha, sai dai mai arhar sau da yawa ba a canza shi, in jirgin ya tafi kuɗinka sun bi shi. Tikitin takarda na jirgin yanki kuwa, wato mai tsayawa a garuruwan kusa, a wasu ƙasashe sai an buga masa hatimi a na'ura kafin a hau, in ba haka ba tara ce.

6. Bar akwati a masauki. Ɗauki katin shaida, ruwa da caja, ka isa tasha saura minti 15.