Yadda ake kiyaye kai lokacin damina a tsaunukan hamadar Arizona

Daminar jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka, gajeriya ce kuma ruwanta ba ya zuwa a hankali. Tun daga 2008 hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta tsayar da cewa lokacin yana farawa 15 ga Yuni ya ƙare 30 ga Satumba, ko da yake a mafi yawan shekaru sai an shiga Yuli ruwa ke sauka sosai. Abin da ke kawo ta shi ne juyawar iska, domin idan ƙasa ta ɗauki zafi a watan Yuni, iskar da ta saba busowa daga yamma a bushe sai ta koma tana zuwa daga kudu da kudu maso gabas, ɗauke da laima daga mashigin tekun Kalifoniya da na Meziko. Birnin Tucson yana samun kusan rabin ruwansa na shekara a wannan ɗan lokaci, wajen milimita 145, amma ba a dogara da wannan adadi: a 2020 abin da ya sauka kimanin milimita 41 ne kawai, a 2021 kuwa ya haura 320.

Wanda zai yi tafiya a wannan yanki, da ƙafa ko da mota, ya fara da sanin yadda yini yake gudana. Safiya takan waye garau, babu ko ɗigon gajimare, kuma wannan ne ke yaudarar baƙo. Rana tana dukan gangaren tsauni kafin ta ɗumama kwari, iska mai laima ta hau sama ta huce, don haka a kan ƙololuwa hadari yake fara haɗuwa. A tsaunukan Santa Catalina da ke kusa da Tucson, inda dutsen Lemmon ya kai tsayin kusan mita 2,790, ana iya ganin farin gajimare da hantsi, zuwa azahar ya yi tsiri gindinsa ya yi baƙi, da la'asar kuma ya gangaro kan gari. Saboda haka mai hawan dutse ya tashi tun asuba, ya tsara tafiyarsa yadda zai bar ƙololuwa da doron tsauni kafin rana ta take. Idan ya ga gajimare yana girma sama maimakon ya bazu, ko kansa ya baje kamar uwar maƙera, ko kuma ya ji wata iska mai sanyi ta taso ba zato, to ya juya nan take, ko da saura kaɗan ya isa inda ya nufa.

Game da tsawa, lissafin mai sauƙi ne. Ƙara tana cin kilomita 1 a cikin kusan daƙiƙa 3, saboda haka idan tsakanin walƙiya da cida bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 ba. Tsawa kuma tana iya faɗawa nesa da inda ake ruwa, shi ya sa duk wanda ya ji cida ya nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe, ya zauna har minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo da rumfa mara bango ba mafaka ba ne.

Ambaliya ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin tana kashe mutanen da ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Ƙasar hamada tauri gare ta, dutse kuma ba ya shan ruwa, don haka abin da ya sauka a kan tsauni cikin rabin awa yana tattaruwa ya bi busasshiyar ƙorama da gudu, yana tura laka da itatuwa da duwatsu a gabansa. Ranar 12 ga Agusta 1997, masu yawon buɗe ido 11 suka mutu a kwazazzabon Antelope kusa da garin Page, alhali ruwan ya sauka ne kilomitoci da dama daga inda suke. Ranar 15 ga Yuli 2017, mutum 10 'yan dangi ɗaya suka halaka a wani wurin wanka kusa da Payson, saboda an yi ruwa a kan tudun da gobarar daji ta cinye ba da daɗewa ba, inda babu ciyawar da za ta riƙe shi. A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne duba sararin da ke bisa kai kawai, alhali abin dubawa shi ne inda ƙoramar ta samo asali. Kafin a shiga kwazazzabo a duba hasashen yankin gaba ɗaya, a tambayi ma'aikatan gandun daji ko an yi gobara a sama, kuma kada a kafa tanti a cikin ƙorama komai laushin yashinta. Idan ruwa ya fara sauya launi, ko ya taho da ganye da ƙirare, ko aka ji ruri daga sama, a bar kaya a hau tudu, kada a yi ƙoƙarin tsere wa ruwan ta hanyar da yake bi.

Mai mota ma wannan ya shafe shi, domin hanyoyi da yawa a can suna ratsa ƙorama ba tare da gada ba. Ruwa mai gudu na santimita 15 yana kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota, sannan ba a sanin ko kwaltar da ke ƙasa tana nan. Jihar tana da doka tun 1995 da ta ba da damar karɓar kuɗin ceto daga direban da ya kewaye shinge ya shiga ruwa. Jira ya fi, tunda sau da yawa ruwan yakan janye cikin 'yan awoyi.

Sai kuma ƙura. Idan hadari ya zubo da iska mai sanyi ƙasa, takan bazu ta ɗebo ƙura ta tayar da ita kamar bango, irin wanda mutanen Yamai da Khartum suka sani a farkon damina. Wanda ya rufe birnin Phoenix ranar 5 ga Yuli 2011 ya kai tsayin wajen mita 1,500. A babbar hanyar da ta haɗa Phoenix da Tucson, musamman kusa da dutsen Picacho, direban da ya hango ƙura ya rage gudu ya sauka daga kwalta gaba ɗaya, ya ja birkin hannu, ya kashe dukkan fitilu, ya ɗauke ƙafa daga birki. Dalilin kashe fitila shi ne na baya yakan bi jan haske yana zaton motar tana tafiya, sai ya afka mata. A zauna cikin motar da bel a ɗaure, tagogi a rufe, har sai hanya ta bayyana sarai kafin a koma kanta.