Yadda za ka kalli Matrix na biyu da na uku ba tare da ka ji an cuce ka ba

Duk wanda ya kalli The Matrix na 1999 ya san yadda ya girgiza mutane, Neo ya haɗiye jar ƙwaya ya farka ya tarar ashe duk rayuwar da yake yi injina ne suka shirya masa ita. To matsalar Reloaded da Revolutions, wato na biyu da na uku, daga nan take, mutane sun je suna jiran a sake girgiza su irin haka alhali asirin an riga an tona shi. Cire wannan burin tun kafin ka kunna. Kuma ka sani zan ɓaro labarin a ƙasa.

Da farko kar ka raba su. Tare aka ɗauke su, yawanci a Ostireliya, aka saki Reloaded a watan Mayun 2003, Revolutions kuma a Nuwamban shekarar, labari ɗaya ne aka datsa gida biyu shi ya sa na biyun ya tsaya ana tsaka da magana. Nemi ranar da ba ka da uzuri ka zuba su a jere, kusan awa huɗu da rabi ne. In kana da data fara da Animatrix, gajerun katun ne guda 9, musamman The Second Renaissance da ya nuna yadda yaƙin mutane da injina ya samo asali.

Farkon Reloaded sai ka yi haƙuri gaskiya. Zaman majalisar Zion, birnin da ya rage wa mutane, doguwar rawar nan ta cikin kogo, ga surutun Merovingian, wani tsohon shirin kwamfuta mai siffar mutum, a gidan abinci, duk suna jan fim ɗin baya. Rawar ka iya tura ta gaba ba abin da za ka rasa. Faɗan Neo da taron Smith, abokin gabansa da ya kwafi kansa da yawa, kuwa farkonsa da daɗi saboda Yuen Woo-ping ne ya tsara faɗace-faɗacen, amma da aka koma aikin kwamfuta sai Keanu Reeves, wato Neo, ya zama kamar ɗan tsanan roba. Inda za ka ajiye rimot shi ne tseren kan babban titi, titin ma gina shi aka yi musamman a Alameda ta jihar Kalifoniya, Trinity a kan babur ta goyo Keymaker, mai yin makullan da suka je ƙwatowa, tana kutsawa cikin motocin da ke tahowa ta gabanta, Morpheus kuma yana faɗa a saman tirela. Wallahi har yau wurin nan bai tsufa ba.

Sai ɗakin Architect, wanda ya tsara Matrix ɗin. Nan ka kunna sabtaitul, ka tsayar, ka maimaita, don Turancin dattijon mai nauyi ne. Abin da yake cewa a taƙaice: annabcin zuwan mai ceto da Morpheus ya sadaukar da rayuwarsa a kai shi ma tarkon injina ne, Neo shi ne na shida da ya zo wannan ɗakin, kuma sau biyar ana rusa Zion kafin nan. A wurina nan ne ƙarfin fina-finan biyu yake, sun yi ƙarfin halin rushe abin da na farko ya gina. Laifinsu kawai a baki aka faɗa, mutum na zaune a kujera yana zuba bayani, maimakon a nuna mana.

A Revolutions kar ka rikice in ka ga fuskar Oracle ta canza, Gloria Foster ce ta rasu a 2001 sai Mary Alice ta karɓa. Yaƙin tashar Zion babba ne, Kyaftin Mifune cikin ƙaton sulken ƙarfe yana ɓarin wuta, amma an daɗe ba a ga akta ba, ga Morpheus an mai da shi ɗan rakiya a jirgin da Niobe ke tuƙawa, wannan kam ya ban haushi.

Ƙarshen ma kar ka jira akta ya kashe bos a tashi. Neo barin Smith ya yi ya mamaye shi, ta nan injina suka samu hanyar goge Smith, aka ƙare da sulhu. In ka tuna maganar Architect za ka ga dalili. Na huɗu, Resurrections na 2021, kuma bar shi sai wata rana, kar ka haɗa shi da waɗannan a zama ɗaya.