Yadda Ake Bin Sawun Iskar Mota Kafin A Biya Kuɗin Gas

Da zarar hunturu ya kama a Garwa, Marwa, Kusseri da Njamena, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi takan rufe sararin sama, ta kuma kutsa duk wata kafa da ke jikin mota. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ne ke karɓar ragama, ma'auni ya haura digiri 40, sai ka tarar da masu motoci sun cika garaji, kowa na cewa a ƙara masa gas domin kilim ɗinsa, wato na'urar sanyaya iska, ya daina sanyi. Sau da yawa gas ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar iska ce ta toshe. Ni kaina sau biyu na biya kuɗin gas cikin shekara guda, kafin wani dattijon makanike ya zaro matatar iskar motata ya kakkaɓe ta a gabana, jar ƙasa da busassun ganyen darbejiya suka zubo a kan takalmina. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai motarka numfashi ne ba ta samu." Tun daga ranar nake bin hanyar iskar da kaina, daga inda take shiga har inda take fita.

Ka fara da mashigar. Mutane da yawa sun ɗauka ragar da ke hancin mota ce ke kawo wa fasinja iska, alhali waccan aikinta shi ne sanyaya lagireto. Iskar da kake shaƙa tana shiga ne ta baƙar robar nan mai ƙananan ramuka da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin sandunan goge gilashi. An zaɓi wurin ne saboda idan mota tana gudu iska takan taru ta matsu a gindin gilashin, har ta tura kanta ciki ko da fanka a kashe take, kuma wurin ya ɗan ɗaga daga ƙurar titi da hayaƙin salansar motar da ke gabanka. Ka kashe injin, ka zare makulli domin kada sandunan su motsa su kama maka yatsa, sannan ka ɗaga kapo, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira bonet. Ka tsince ganye da hannu, ka share sauran da buroshi mai laushi, kana jawowa waje, kada ka cusa dattin cikin ramukan. Duk wanda ke ajiye motarsa a inuwar darbejiya, kamar yadda akasarin mutanen Marwa ke yi, ya kamata ya yi wannan kowane mako.

Kafin ka bar wurin, ka zuba ruwa buta ɗaya a kan robar. A ƙarƙashinta akwai wani kwarmi da aka yi domin ya raba iska da ruwan sama, kuma yana da ƙananan magudanai da ke zubar da ruwan ta bayan tayoyin gaba. Idan ka ga ruwa ya sauka ƙasa nan take, magudanan a buɗe suke. Idan ya tsaya ya taru, laka ta toshe su, sai ka zura siririyar tiyon roba a hankali ka buɗe. Wanda ya yi sakaci da wannan, ruwan Agusta zai cika kwarmin ya malala cikin fanka, ya jiƙa shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar fasinjan gaba, wani lokaci ma ya ƙona injin fankar.

Mataki na biyu shi ne gwada ƙofar da ke zaɓar iska. A gaban direba akwai maɓalli mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a cikinta. Idan ka danna shi, wata 'yar ƙofa takan rufe mashigar waje, fanka ta koma jan iskar da ke cikin motar tana juya ta. Ka kunna mota, ka kai fanka ƙarshen ƙarfinta, ka danna maɓallin kana sauraro. Ya kamata ƙarar ta canza, yawanci ta ƙaru sa'ad da aka rufe waje. Sannan ka buɗe iskar waje, ka ɗora fallen takarda a kan ramukan robar ta ɓangaren fasinja. Idan takardar ta manne, ƙofar tana aiki. Idan ba ka ji canjin ƙara ba, takardar ma ba ta kama ba, to ƙaramin injin da ke juya ƙofar ko wayar da ke jan ta sun sami matsala, wannan kuma aikin mai gyaran wutar mota ne.

Daga nan sai matata, wadda makanikai ke kira filta, kuma a nan ne yawancin ciwon yake a ƙasarmu. A motocin Toyota da yawa, irin su Corolla da Hilux na shekarun baya-bayan nan, tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Ka kwashe kayan cikin akwatin, ka zare ɗan hannun da ke riƙe da shi ta gefe in akwai, ka matsa ɓangarorinsa biyu ciki har ya sauko, za ka ga wani dogon murfi mai maƙalai. Kafin ka zaro matatar, ka lura da kibiyar da ke gefenta, domin a wasu kibiyar tana nuna inda iska ta nufa ne, a wasu kuma tana nuna ɓangaren da zai kalli sama, kuma yadda ka same ta haka za ka mayar. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Idan haske bai ratsa ba, iska ma da ƙyar take ratsawa.

Littattafan motoci sukan ba da tazarar kilomita 15,000 zuwa 30,000 kafin a canza ta, amma ba a yi wannan lissafi da hunturunmu ba. Shawarata ita ce a duba ta a farkon Nuwamba, a kuma sa sabuwa idan ƙura ta lafa, kafin zafin bazara ya shigo. Kakkaɓewa takan ɗan taimaka na 'yan kwanaki, amma matatar takarda ba a wanke ta, kuma hura ta da iskar injin faci yakan yayyaga zarenta ta koma rariya. Idan ka tarar da ɓawon gyaɗa ko yagaggiyar auduga a kanta, ɓera ya yi gida, sai a share wurin da kyau. Abin da ya fi damuna shi ne makaniken da zai cire matatar ya jefar, ya ce maka ga iska ta dawo. Iska za ta dawo kam, amma ƙurar za ta wuce kai tsaye ta manne a jikin ƙarfen sanyi mai danshi, wato wanda gas ke bi ta cikinsa ya sanyaya iskar, ta zama laka, kuma a motoci da yawa ba a kai ga wannan ƙarfe sai an kwance allon gaban mota gaba ɗaya. Haka nan wanda ya sayi motar hannu ya duba ramin da kansa, domin sau da yawa fayau ake samunsa.

Bayan matata, iska tana bi ta fanka, ta ratsa ƙarfen sanyi inda gas ke zuƙe zafinta, sannan wata ƙofa ta yanke ko za ta bi ta ƙaramin lagireton ɗumi, wanda ruwan zafin injin ke zagayawa a cikinsa, ko ta kauce masa. Ka gwada kowane matakin fanka. Idan na ƙarshe kaɗai ke aiki, 'yar na'urar rage gudunta ce ta ƙone. Ka juya maɓallin zafi da sanyi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, hannunka a bakin mafitar iska, domin idan ƙofar ta maƙale a tsakiya iska mai ɗumi za ta riƙa gauraya da mai sanyi ko da gas a cike yake. Ruwan da ke ɗiga ƙarƙashin mota lokacin damina danshin iska ne da ya taru a ƙarfen sanyi, alamar lafiya ce, kuma a hunturu ba za ka ga da yawa ba saboda iskar a bushe take. Idan kana jin warin ruma, ka riƙa kashe kilim ka bar fanka kaɗai na 'yan mintuna kafin ka isa gida, domin ƙarfen ya bushe.

Mafitar iska tana baya. A ƙananan motoci wasu ramuka ne masu leɓen roba a gefen but, a ɓoye bayan bamba, a motocin a-kori-kura kuma suna jikin bangon bayan kujeru. Idan buhuna suka danne su, sabuwar iska ba ta samun wurin shiga sosai, idan kuma leɓen ya yage, ƙurar hanya za ta shigo ta nan. Tafiya da but a buɗe, an ɗaure shi da igiya, tana jawo hayaƙin salansa cikin mota, kuma a cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda matata ba ta tare ta.

Saura amfani da maɓallin nan na kibiya. Motar da ta wuni a rana, ka sauke gilasai, ka buɗe iskar waje, ka bar fanka ta kori zafin na minti biyu ko uku, sannan ka ɗaga gilasai ka rufe waje domin kilim ya riƙa sanyaya iskar da ta riga ta yi sanyi. Ka rufe waje idan kana bayan babbar motar auduga a hanya mai ƙura, ko kana cikin layin gadar Ngeli tsakanin Kusseri da Njamena. Amma a doguwar tafiya, kamar kimanin kilomita 200 da ke tsakanin Garwa da Marwa, da mutum biyar a mota, ka riƙa buɗe waje lokaci-lokaci, domin numfashin da kuke fitarwa yana taruwa ya kawo wa direba nauyin kai da gyangyaɗi. Idan ruwa ya kama ka a hawan Ngaundere gilashi ya yi hazo, ka buɗe iskar waje, ka kunna kilim, ka karkatar da iskar zuwa gilashin gaba.

Idan ka bi duk wannan, iska na fitowa da ƙarfi amma babu sanyi, a nan ne maganar gas ta taso. Ka duba takardar da ke manne ƙarƙashin kapo ka ga irin da motarka ke sha, wanda a akasarin motocinmu R134a ne, ka sa a ɗaura ma'auni a gabanka. Gas ba ya ƙonewa kamar fetur, saboda haka idan ya ragu sosai akwai inda yake yoyo, sai a nemo wurin a gyara kafin a zuba sabo.