Yadda Ake Sa Reshen Itacen Marmari Ya Yi Saiwa

Duk reshen da aka yanko yana ɗauke da sinadarin da ke sa shi fitar da saiwa, ana kiransa oksin. A bakin toho da sabbin ganye itace ke yin sa, kuma gangarowa wajen gindin reshe kawai yake yi. Idan ya iso wurin yanka sai ya taru, ƙwayoyin da ke ƙarƙashin ɓawo su soma juyewa zuwa saiwa. Shi ya sa reshen da aka dasa kai ƙasa da wuya ya kama. Hodar sa saiwa da masu maganin gona ke sayarwa, mai IBA ko NAA (nau'o'in oksin ne da ake haɗawa a masana'anta), ƙari ce a kan wanda reshen ke da shi.

Rumman da inabi da ɓaure ba su da gardama. Lemun tsami da gwaba sun fi neman hoda. Mangwaro kam kada a ɓata hoda a kansa, aure ake yi masa, wato a haɗa reshensa a jikin wani dashen mangwaro mai saiwa.

A Kano a bari damina ta kankama, daga Yuni zuwa Agusta. Zafin bazara da iskar hunturu na busar da reshe tun bai yi komai ba.

Da sassafe za a yanko reshe mai kaurin fensir, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, tsawon santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu. A yanke gindinsa daf da ƙasan gaɓa da wuƙar da aka goge da sifirit. A zage ganyen ƙasa, a bar biyu a sama, a rage rabin kowanne. Kada a cire su duka, su ne ke ba da oksin da abinci. Fure da 'ya'ya kuwa a tsinke su: suna janye abincin, kuma sinadarin jibaralin da ke cikin ɗanyun 'ya'ya yana danne saiwa.

A ɗan kankare ɓawon gindi, kamar santimita 2, a jiƙa, a tsoma a hoda, a karkaɗe ragowar. Ɗanyen reshe hoda mai kashi 0.1 cikin 100 ta ishe shi, mai rabin ƙwari 0.3, wanda ya riƙa 0.8. A nan mutane da yawa ke yin asara, suna zaton yawan magani shi ne yawan saiwa, alhali idan ya wuce kima ƙona gindin yake. A zubo hodar da za a yi aiki da ita a murfi, wadda ta rage a zubar, kada ta koma gwangwani da cuta.

A cika ledar raino mai huda da wankakken yashi da ƙonannen ɓuntun shinkafa, rabi da rabi, ba taki. A fara yin rami da tsinke don kada hodar ta goge, a sa rabin reshen, a danne. A rufe da farar leda a inuwa, ana buɗewa kullum ya sha iska.

Saiwa kan fito cikin mako huɗu zuwa takwas. Sabon ganye a mako na biyu ba shaida ba ce, abincin da ke jikin reshen ne ya turo shi. A ɗan ja reshen a hankali, in ya yi turjiya ya kama. Wanda gindinsa ya yi baƙi ya yi laushi, ruwa ne ya kwanta masa ko hoda ta yi yawa, a fitar da shi kafin ruɓar ta kama na kusa. Waɗanda suka kama a janye musu leda kaɗan-kaɗan cikin mako guda, sannan a fara nuna musu hantsi.