Darasi na 7: Yadda Ake Kula da Yaron da Ya Ga Tashin Hankali

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Borno a 2009, har zuwa hare-haren 'yan bindiga a Zamfara, Katsina da Sakkwato, yara da yawa sun ga abin da ko babba ba zai iya ɗauka ba. Wasu daga makaranta aka kwashe su, kamar yadda ya faru a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021. Idan yaro ya dawo babu rauni a jikinsa, sai a yi hamdala a ɗauka shi ke nan. Alhali tsoron yana nan, kuma 'yan gida ne za su fara taimaka masa tun kafin a kai ga likita.

Ƙaramin yaro yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina. Yakan maƙale wa uwarsa, ya riƙa firgita cikin barci, ko ya ruga ƙarƙashin gado da ya ji ƙarar babur. Matashi kuwa yakan yi shiru, ko ya zama mafaɗaci, ko ya ƙi makaranta. Wannan ba iskanci ba ne, jikinsa ne bai yarda cewa hatsarin ya wuce ba. Duka ko tsawa ƙara tabbatar masa suke yi cewa har yanzu bai tsira ba.

A kwanakin farko, a bar shi kusa da wanda ya fi sabawa da shi. Ya ci, ya yi wanka, ya kwanta a lokacinsa na kullum, a bar masa tocila a kunne idan yana tsoron duhu. Babban kuskuren da ake yi shi ne a wajen 'yan jaje: duk wanda ya shigo sai a kira yaron a ce, "Faɗa wa kawunka abin da ya faru." Kowace maimaitawa tana mayar da shi wurin da abin ya auku. Kada a matsa masa, kada a ɗauki bidiyonsa a sa a Facebook. Idan shi da kansa ya fara magana, a zauna daidai tsayinsa, a saurara, kada a katse shi. A ce masa, "Ba laifinka ba ne, ina tare da kai." Idan ya tambayi wanda aka kashe, a faɗa masa gaskiya a taƙaice. Cewa "Babanka ya yi tafiya" sa shi zaman jira yake yi, ranar da ya gano kuma ya daina yarda da ku.

Idan firgicin ya taso, ku yi numfashi tare. Ya ja iska ta hanci kuna ƙirga 4, ya fitar a hankali ta baki kuna ƙirga 6, sau biyar. Da zarar ya samu natsuwa a mayar da shi makaranta da Islamiyya da wasa cikin 'yan'uwansa, a kuma sanar da malaminsa a asirce. Addu'a tana kwantar da hankali, amma ban da turare mai shaƙe numfashi ko ɗaure yaro da sunan cire aljanu. Kada a sayo masa maganin barci a kemis.

Idan an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, ba a jira. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Kunya ta sa iyaye da yawa sun bari lokacin ya wuce.

Yawancin yara sukan fara warwarewa cikin 'yan makonni. Idan wata ɗaya ya wuce babu sauƙi, ko matashi ya fara shan Tramol, a kai shi asibiti. Idan kuwa ya ce gara ya mutu, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma ɓoye fiya-fiya da maganin ɓera da igiya. A fara da asibitin da ke kusa, su ne za su tura ku gaba: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma na Dawanau a Kano.