Yadda ɗan ƙasar Ailan zai sami jama'arsa bayan ya koma Landan da zama

Ɗan ƙasar Ailan ba ya buƙatar biza kafin ya zauna ko ya yi aiki a Birtaniya, saboda tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu, wadda ko ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba ta rushe ta ba. Wannan sauƙin shiga yakan yaudari mutane da yawa, su ɗauka cewa tun da harshen ɗaya ne, kuma jirgi daga Dublin bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba, ba za su ji baƙunta ba. Sai bayan wata biyu ko uku saurayi ko budurwa za su farga cewa daga wurin aiki sai ɗaki, kuma babu wanda zai buga musu waya ran Asabar. Matakan da ke biye an tsara su ne domin wanda ya sami kansa a wannan hali.

Abu na farko shi ne ya nemi kulob na wasannin gargajiyar ƙasarsa tun a makonnin farko, ko da kuwa rabonsa da taɓa ƙwallo tun yana firamare. Ƙungiyar GAA mai kula da waɗannan wasanni, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, tana da kulob fiye da 400 a wajen Ailan, kuma reshenta na Landan yana cikin mafiya daɗewa. Babban filinsu yana unguwar Ruislip, kuma tawagar ƙwallon birnin tana shiga gasar lardin Connacht da ke yammacin Ailan, har ta kai wasan ƙarshe a 2013. Akwai kulob ɗin Tír Chonaill Gaels a Greenford, akwai Fulham Irish da wasu da dama, kuma mafi yawansu suna da ƙananan tawagogi domin waɗanda ba gwanaye ba, haka nan akwai tawagogin mata. Wanda ya riga ya yi rajista da kulob ɗin garinsu sai ya cika takardar sauya kulob kafin a ba shi damar buga gasa, kuma sakataren sabon kulob ɗin ne zai nuna masa yadda ake yi, don haka kada ya bari sai gasa ta matso.

Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne abin da ke faruwa a gefen fili ya fi wasan kansa amfani. Da zarar baƙo ya ajiye jakarsa, kafin ya gama ɗaura igiyar takalmi, wani zai tambaye shi wace gunduma ya fito daga cikin gundumomi 32 na tsibirin. Idan ya ce Mayo ko Kerry, sai a tambayi wane gari, daga nan a shiga lissafin wa ya san wa, kuma da wuya a rabu ba a gano wani ɗan uwa ko tsohon malamin makaranta da ya haɗa su ba. A irin wannan hira ake jin labarin ɗakin haya da zai fita a ƙarshen wata, da kamfanin gini da ke neman injiniya, da asibitin da ke ɗaukar ma'aikatan jinya. Sharaɗin kawai shi ne zuwa a kai a kai, domin wanda ya zo atisaye sau ɗaya ya ɓace sunansa baƙo har gobe, amma wanda aka gani sau shida a jere cikin ruwan sama da sanyin Fabrairu ya zama ɗan gida.

Wanda wasa bai dame shi ba sai ya nufi cibiyar 'yan Ailan da ke Camden, wadda aka kafa a 1954, a zamanin da dubban ɗaruruwan mutane suka bar Ailan saboda rashin aiki, maza suka shiga aikin gini da haƙar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, mata da yawa kuma suka shiga aikin jinya. Akwai kuma cibiyar al'adu a Hammersmith. A waɗannan wurare ana koyar da harshen Ailan, da kiɗa, da rawar gargajiya da suke kira céilí, wadda ake yi rukuni-rukuni ana musayar abokan rawa, ta yadda mutum ba zai fita ba tare da ya gaisa da mutum goma ba. Shawarata ita ce ya yi rajistar aji mai ɗaukar makonni da yawa maimakon taron dare ɗaya, saboda fuskokin da ake gani kowane mako su ne ke zama abokai.

Mai iya kiɗa yana da wata ƙofa ta musamman. Ƙungiyar Comhaltas, wadda aka kafa a Mullingar a 1951 domin raya kiɗan gargajiya, tana da rassa a Landan, kuma makaɗa sukan taru a lungun wata mashaya da gogensu da sarewarsu da gangar fatar akuya mai suna bodhrán. Ladabin wurin shi ne baƙo ya fara zama ya saurara, ya gane salon masu wurin, sannan ya nemi izini kafin ya fito da kayan kiɗansa.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da mashaya. Haɗuwa da yawa a can ake yin su, musamman ranar wasan ƙarshe na gasar GAA ta ƙasa baki ɗaya da ake bugawa a filin Croke Park da ke Dublin, amma wanda ya mai da giya ginshiƙin zumuncinsa zai ƙare da aljihu wayam da kaɗaicin da ya fi na da. Ba dole ba ne a sha kafin a zauna da mutane. Hanya mafi albarka a ganina ita ce aikin sa kai, kamar hidimar abincin rana da cibiyar Camden ke shirya wa tsofaffi, ko ziyartar dattijan da suka zo tun shekarun 1950 suka zauna a Kilburn da Cricklewood, waɗanda wasunsu ba su yi aure ba, wuraren rawarsu irin su Galtymore kuma an rufe tun 2008. Matashin da ya zauna da irin wannan dattijo ya sha shayi zai ji tarihin da ba a koya masa a makaranta ba, shi kuma dattijon ya ji lafazin garinsu.

Akwai ranaku biyu da ya dace a sa a kalanda. Bikin Waliyyi Patrick, waliyyin ƙasar Ailan, yana faɗowa ran 17 ga Maris, kuma a Landan ana yin jerin gwano da ke ƙarewa da taro a dandalin Trafalgar, inda ya fi kyau mutum ya shiga ayarin gundumarsa ko na kulob ɗinsa da ya tsaya kallo a bakin titi. A watan Mayu kuma akwai tattakin Darkness Into Light, na kilomita 5, wanda ake farawa kafin asuba domin tara kuɗin taimakon masu fama da tunanin kashe kansu. An fara shi a Dublin a 2009, yanzu kuma 'yan Ailan mazauna waje suna yin sa a birane da yawa, har da Landan.

Duk da haka, kada mutum ya kulle kansa cikin 'yan ƙasarsa kaɗai. Matasa da yawa yanzu suna taruwa a kudancin birnin, wajen Clapham da Tooting, kuma abu ne mai sauƙi a shekara biyar a can ba tare da aboki ko ɗaya da ba ɗan Ailan ba. Matsalar ita ce yawancinsu sukan koma gida ko su wuce Ostareliya bayan 'yan shekaru, sai wanda ya rage ya wayi gari babu kowa. Saboda haka ya amsa gayyatar abokan aiki, ya gaisa da maƙwabta, ya kuma gayyaci wani daga cikinsu zuwa Ruislip ya ga yadda ake buga wasan gargajiya na hurling da sandar katako. Idan kuma kewar gida ta wuce misali, har ta hana barci ko cin abinci, akwai ƙungiyar icap a arewacin Landan mai ba 'yan Ailan shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ma'aikatan cibiyar Camden za su iya haɗa shi da ita.